Cutar Tembusu ta Agwagi: Yanayin Ƙwayar Cutar da Hanyoyin Gano Ta

Gabatarwa

Cutar Tembusu cuta ce ta tsuntsayen ruwa da ake kiwo, musamman agwagi da dinya, wadda wata ƙwayar cuta nau'in bairas ke haddasawa. Alamarta mafi girma ita ce yankewar ƙwai farat ɗaya a garken agwagi masu saka, tare da zazzaɓi, da ƙin cin abinci, da zawo kore, sannan a wasu tsuntsayen a ga tangaɗi da shanyewar ƙafafu. Cutar ta bayyana a matsayin annoba a watan Afrilu na shekarar 2010 a kudu maso gabashin ƙasar Sin, kuma rahotannin ɓarkewarta a gonaki daga gabashi da kudu maso gabashin nahiyar Asiya suke fitowa. Wannan bayani ya ƙunshi asalin ƙwayar cutar, da yadda take aiki a jikin agwagwa, da kuma yadda masana ke tabbatar da ita, domin kuwa wajen gano wannan cuta sanin halin ƙwayar shi ne ke nuna abin da za a ɗauka a kai ɗakin gwaje-gwaje da ranar da ya kamata a ɗauke shi.

Tarihin Bayyanarta

An fara samun ƙwayar Tembusu a shekarar 1955 a jikin sauro nau'in Culex tritaeniorhynchus da aka kama a yankin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya. Ta shafe shekaru masu yawa tana cikin jerin ƙwayoyin da ake samu a sauro ba tare da an danganta ta da wata asarar dabbobi ba. A shekarar 2000 aka bayar da rahoton wata 'yar uwarta ta kusa da ta haifar da kumburin ƙwaƙwalwa da tsumburewa ga 'yan tsakin kajin nama a Sitiawan, cikin jihar Perak ta Malesiya, aka kuma kira ta da sunan wurin.

Al'amarin ya sauya a shekarar 2010. Daga watan Afrilu masu kiwon agwagin ƙwai a yankunan Shanghai, Zhejiang, Fujian da Jiangsu suka fara kukan cewa garkunansu sun daina saka. Kafin shekarar ta ƙare cutar ta isa mafi yawan lardunan da ake kiwon agwagi, har zuwa Shandong da Hebei a arewa. Rahotannin farko sun ƙiyasta cewa agwagi fiye da miliyan 10 ne suka kamu, kimanin miliyan 1 kuma suka mutu. Girman wannan asara zai fi fitowa fili idan aka tuna cewa ƙasar Sin ita ke kiwon fiye da rabin agwagin duniya, kuma ƙwan agwagwa, wanda ake jiƙawa a gishiri ko a adana shi ta wasu hanyoyin gargajiya, abinci ne na yau da kullum a wurinsu.

Da yake ƙungiyoyin masana daban-daban ne suka yi aiki a kanta a lokaci guda, cutar ta sami sunaye da yawa. Wasu sun kira ƙwayar Baiyangdian, ko BYD a taƙaice, da sunan wani tafki a lardin Hebei inda aka samo samfurinta. Wasu sun kira cutar da sunan da ke nufin yankewar ƙwan agwagwa, wasu kuma da sunan da ke nufin zubar jini a gidan ƙwai. Bayan an karanta kundin gadon ƙwayar aka kwatanta, sai aka tsaya a kan cewa sabon reshe ne na Tembusu. An ga cutar a gonakin agwagi na Malesiya a 2012, sannan a Tailan a 2013. Daga baya masana na Jami'ar Chulalongkorn suka koma kan tsofaffin samfuran da aka adana, suka tarar da ƙwayar a cikin waɗanda aka ɗauka tun 2007, wato ta riga annobar ƙasar Sin shiga garkunan Tailan da shekara uku ba tare da an gane ta ba. An kuma bayar da rahotonta a Taiwan da Biyetnam.

Dangi da Ginin Ƙwayar

Tembusu tana cikin dangin Flaviviridae, wato dangin da ya haɗa ƙwayoyin zazzaɓin shawara, da zazzaɓin dengi, da Zika, da Yammacin Nilu, da kumburin ƙwaƙwalwa na Japan. A cikin wannan dangi tana cikin rukunin da ake kira Ntaya, wanda ya sami sunansa daga wata ƙwaya da aka samu a jikin sauro a Yuganda. Makusantanta a rukunin sun haɗa da ƙwayar Bagaza, wadda aka fara samu a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1966, wadda kuma ta kashe tsuntsayen daji dangin makwarwa a kudancin Sifaniya a 2010, da kuma ƙwayar da ke haddasa kumburin ƙwaƙwalwar talotalo a Isra'ila. Wannan zumunci yana da muhimmanci ga mai gwaji kamar yadda za a gani a gaba.

Ƙwayar dunƙulalliya ce, faɗinta kimanin nanomita 50, ba a ganinta sai da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Tana da lulluɓi na maiƙo a waje, kuma wannan lulluɓi shi ne rauninta: sabulu, da magungunan tsabtace gona na yau da kullum, da zafi duk suna lalata ta. Kundin gadonta zare ɗaya ne na RNA mai haruffa kusan 11,000. Daga gare shi ake sarrafa dogon furotin guda ɗaya mai gaɓoɓi 3,425, wanda ake yayyankawa zuwa kashi goma. Uku daga ciki, wato C da prM da E, su ne ke gina jikin ƙwayar. Sauran bakwai, daga NS1 zuwa NS5, aikinsu kwafar kundin gado da daƙile garkuwar jikin tsuntsu.

Furotin E ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne ke saman ƙwayar, shi ke manne wa ƙwayoyin halittar jikin agwagwa ya buɗe hanyar shiga, kuma shi ne sinadaran garkuwa da jini ke samarwa suka fi kai wa hari. A 2018 masana na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Shanghai suka kwatanta tsohuwar ƙwayar 1955, mai lamba MM1775, da wadda aka samu a annobar 2010, mai lamba FX2010. Tsohuwar ba ta yaɗuwa sosai a sassan jikin agwagwa, ba ta kuma tsallakawa daga agwagwa zuwa agwagwa. Sabuwar tana yin duka biyun. Sun nuna cewa bambancin gaɓa guda ɗaya tak, a matsayi na 156 na furotin E, yana da babban tasiri a kan wannan hali. Wannan bincike shi ne ya fi bayar da haske a kan yadda ƙwayar da ta yi shekara 55 tana yawo tsakanin sauro da tsuntsaye ta zama annobar gona.

Bisa kwatanta kundin gado an kasa ƙwayoyin Tembusu rukuni uku. Rukuni na biyu shi ne ya haddasa mafi yawan ɓarkewar da aka gani a Sin da Tailan, kuma ya rabu gida biyu. Rukuni na uku ya haɗa da waɗanda aka samu a sauro da kaji.

Hanyoyin Yaɗuwa

Sauro nau'in Culex shi ne hanya ta asali. Culex tritaeniorhynchus yana hayayyafa a gonakin shinkafa da kududdufai, wuraren da ake sakin agwagi su yi kiwo bayan girbi a Tailan da kudancin Sin, saboda haka mai ɗauke da cutar da wanda za a ɗora wa suna kwana wuri ɗaya. A Tailan an lura cutar ta fi yawa a damina.

Sai dai kuma a ƙasar Sin an ci gaba da samun ɓarkewar cutar a tsakiyar hunturu, lokacin da sauro ya ɗauke ƙafa, kuma saurin da take gama garke cikin 'yan kwanaki ya wuce abin da cizon sauro kaɗai zai yi bayani. Gwaje-gwaje sun tabbatar cewa agwagwa mai cutar tana fitar da ƙwayar ta baki da hanci da kuma kashi, lafiyayyun da aka haɗa su keji ɗaya suna kamuwa, har ma waɗanda aka ware a keji na dabam amma iska ɗaya ke ratsa su sun kamu, kamar yadda wani bincike na 2015 ya nuna. An kuma sami ƙwayar a cikin ƙwai da 'ya'yan agwagin da aka ƙyanƙyashe daga iyaye masu cutar, abin da ke nuni ga yaɗuwa daga uwa zuwa ɗa. Har ila yau an same ta a jikin gwara da ke shawagi a gonakin Shandong. Ruwan kududdufin da garke ke sha yana wanka a ciki, da kejin dakon tsuntsaye, da tiren ƙwai da ke yawo daga gona zuwa gona, duk hanyoyi ne da take bi.

Agwagi ne suka fi jin jiki, musamman irin masu ƙwai kamar Shaoxing da Jinding, da irin nama kamar Pekin da Cherry Valley. Dinya na biye da su. Kaji ma suna kamuwa, ƙwansu kuma yana raguwa.

Yadda Cutar Ke Aiki a Jiki

Bayan ƙwayar ta shiga jiki takan bayyana a cikin jini tun daga rana ta farko, ta kai ƙololuwa cikin kwana biyu zuwa uku, sannan ta ɓace daga jinin kafin mako ya cika, a daidai lokacin da sinadaran garkuwa suka fara tasowa. Cikin wannan ɗan lokaci ta riga ta isa saifa, da hanta, da ƙoda, da huhu, da gidan ƙwai, da ƙwaƙwalwa. Saifa na cikin wuraren farko da take hayayyafa da yawa, gidan ƙwai kuma shi ne inda ɓarnarta ta fi muni.

A garken masu saka, abin da mai kiwo ke fara gani shi ne abinci ya saura a kwano. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka ƙwai ya fara raguwa, kuma garken da ke saka kashi 90 cikin 100 yana iya komawa kashi 10 ko ƙasa da haka cikin kimanin kwana biyar. Tsuntsayen kan yi zazzaɓi, su taƙure wuri ɗaya, su yi zawo mai ruwa-ruwa kore. Daga baya wasu su fara tangaɗi, su kasa tsayuwa, fukafukai su saki. Kusan dukkan garken na iya kamuwa, amma mutuwa ba ta kai haka ba; yawancin rahotanni suna sanya ta tsakanin kashi 5 da kashi 30 cikin 100, kuma inda ta yi yawa galibi akwai wata cutar bakteriya da ta shigo a kan ta farko. Waɗanda suka tsira sukan koma saka a hankali bayan makonni, wasu bayan sun zubar da gashi, kuma garke da yawa ba ya sake kai matsayinsa na da. Ga mai kiwo, ciyar da dubban agwagi na tsawon makonni ba tare da ƙwai ba ya fi mutuwar tsiraru ciwo.

A 'ya'yan agwagi kuwa alamun ƙwaƙwalwa ne kan gaba: karkarwar kai, faɗuwa a gefe ko rigingine ana harba ƙafafu, da shanyewa. Da yawa suna mutuwa ne saboda sun kasa isa wurin ruwa da abinci, waɗanda suka rayu kuma sukan tsumbure.

Idan aka feɗe gawar macen da ke saka, za a tarar da gidan ƙwai ya yi jajur da jini, ƙananan gwaiduwa sun yamutse ko sun lalace, wasu sun fashe sun zuba cikin ciki sun haifar da kumburi. Saifa takan kumbura, hanta ta yi girma ta koɗe, jijiyoyin jinin da ke lulluɓin ƙwaƙwalwa su cika. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganin kumburin ƙwaƙwalwa marar mugunya, inda fararen ƙwayoyin jini ke taruwa su kewaye ƙananan jijiyoyi kamar zobe.

Cututtukan da Ke Kama da Ita

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ya keɓanta ga Tembusu. Murar tsuntsaye mai tsanani, irin H5N1 da aka fara tabbatarwa a Nijeriya a Jaji ta jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, tana kawo yankewar ƙwai, da zubar jini a gidan ƙwai, da alamun ƙwaƙwalwa a agwagi, kuma ita ce wajibi a fara kawar da zatonta, saboda tana kama mutane kuma doka ta wajabta kai rahotonta. A farkon annobar 2010 ita aka fara zargi. Murar tsuntsaye marar tsanani irin H9N2 da cutar Niyukasul su ma suna rage ƙwai. Akwai tsohuwar cutar yankewar ƙwai ta 1976, wadda wata ƙwaya daga dangin adino ke haddasawa, amma ita ta fi bayyana da ƙwai mai laushin ɓawo ko marar ɓawo alhali tsuntsun na nan garau. Annobar agwagi ta dangin hafis tana kashe manya da yawa, tana barin gyambo a maƙoshi da hanji. A ƙanana kuma, bakteriyar Riemerella anatipestifer tana kawo tangaɗi da karkarwar kai, sai dai takan bar farin yauƙi a kan zuciya da hanta. Ko abincin da ya yi fumfuna yana iya durƙusar da garke, domin agwagwa na cikin tsuntsayen da dafin fumfuna ya fi yi wa illa.

Wata alama ta ɗakin gwaje-gwaje da ta taimaka tun farko ita ce: ƙwayoyin murar tsuntsaye, da Niyukasul, da yankewar ƙwai ta 1976 duk suna dunƙule jajayen ƙwayoyin jinin kaza idan aka gauraya su, Tembusu kuwa ba ta yin haka a gwajin da aka saba.

Ɗaukar Samfuri

Nan ne aka fi yin kuskure. Tunda ƙwayar ba ta daɗewa a jini, jinin da aka ɗiba daga agwagwar da ta yi kwana goma tana ciwo zai iya fitowa babu komai alhali cutar ce. Wanda ke neman ƙwayar kanta sai ya zaɓi tsuntsayen da suka fara ciwo cikin kwana ɗaya zuwa uku, masu zazzaɓi, ya ɗauki jini, ya goga auduga a maƙoshi da dubura, sannan daga waɗanda aka yanka ko suka mutu yanzu-yanzu ya ɗauki saifa, da gidan ƙwai, da ƙwaƙwalwa, da hanta. Idan alamun ƙwaƙwalwa ne suka fi yawa, ƙwaƙwalwar ce ta fi amfani, domin ƙwayar kan daɗe a can bayan ta bar jini. Ana ɗaukar samfuri daga tsuntsaye da dama, ba daga guda ɗaya ba. Dole a sanya shi cikin ƙanƙara nan take a kai shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan za a ajiye shi ya daɗe, sai a sanyi na digiri 70 ƙasa da sifili ko fiye. Daskarewa da narkewa sau da yawa, kamar yadda ke faruwa a firjin da wuta ke ɗaukewa, yana kashe ƙwayar kuma yana lalata kundin gadonta. Yankin naman da za a duba a madubi kuwa a ruwan fomalin ake saka shi, ba a daskarar da shi.

Gwaje-gwajen Tabbatarwa

Hanya ta farko ita ce rainon ƙwayar. Ana niƙa naman, a tace, a yi allurar ruwan cikin ƙwan agwagwa ko na kaza mai ɗan tayi na kwana 9 zuwa 11. Idan ƙwayar na nan, ɗan tayin kan mutu cikin kwana uku zuwa shida jikinsa duk jini, ko da yake wani lokaci sai an maimaita daga ƙwai zuwa ƙwai kafin a ga haka. Wajibi ne ƙwan ya fito daga garken da bai taɓa haɗuwa da cutar ko rigakafinta ba, in ba haka ba garkuwar uwa da ke cikin gwaiduwa za ta kashe ƙwayar. Ana kuma rainonta a ƙwayoyin halitta da ake shukawa a kwalba, irin su DF-1, BHK-21, Vero, da C6/36 na sauro. Wannan hanya tana cin lokaci da kuɗi, amma ita kaɗai ke bayar da ƙwaya mai rai da za a yi nazari ko a haɗa rigakafi da ita.

Hanya ta biyu, wadda aka fi dogara da ita a yau, ita ce gwajin RT-PCR, wanda ke neman wani yanki na kundin gadon ƙwayar, galibi daga E ko NS5, ya kwafe shi sau miliyoyi har a iya ganinsa. Nau'insa da ke nuna sakamako yayin da gwajin ke gudana ya fi kaifi, yana kuma faɗin yawan ƙwayar, a gama cikin sa'o'i. An haɗa wasu gwaje-gwajen da ke neman Tembusu da murar tsuntsaye da wasu ƙwayoyin agwagi a kwalba ɗaya, abin da ya dace da halin da mai kiwo ke ciki, tunda tambayarsa ita ce wace cuta ce daga cikinsu. Akwai kuma RT-LAMP, wanda ke aiki a zafi ɗaya tsakanin digiri 60 da 65 cikin kimanin sa'a guda, ba ya bukatar na'ura mai tsada, sai dai yana da saurin gurɓata idan ba a kiyaye tsabta ba. Abin lura a nan shi ne, gwajin da aka tsara bisa ƙwayar rukuni na biyu yana iya kasa kama ta wani rukunin, shi ya sa ɗakunan gwaje-gwaje ke karanta kundin gadon samfuran da suka samu lokaci-lokaci su sabunta kayan aikinsu.

Hanya ta uku ita ce neman sinadaran garkuwa a ruwan jini, kuma ita ce ta dace idan an makara. Sinadaran kan fara bayyana wajen ƙarshen makon farko, su daɗe. Ana amfani da gwajin ELISA wajen tantance garke mai yawa, sannan a tabbatar da gwajin da ke auna yadda ruwan jinin ke hana ƙwaya mai rai kama ƙwayoyin halitta. Sakamako ɗaya yana nuna cewa tsuntsun ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai. Domin a danganta ciwon yanzu da ita, sai a ɗibi jini sau biyu, tsakaninsu mako biyu zuwa uku, a ga garkuwar ta ninka sau huɗu ko fiye. Matsalar wannan hanya ita ce zumuncin da aka ambata a baya: 'yan dangin Flaviviridae suna kama da juna a furotin E, saboda haka garkuwar da Yammacin Nilu ko Bagaza ko kumburin ƙwaƙwalwa na Japan ta haifar tana iya amsawa a gwajin Tembusu. A duk yankin da waɗannan ƙwayoyi ke yawo, sakamakon ELISA kaɗai bai isa hujja ba sai an gwada ruwan jinin a kan kowace ƙwaya an kwatanta.

Rigakafi ma ya shigo cikin lissafin. Cutar ba ta da magani na kai tsaye. Abin da ake yi shi ne kula da ruwa da abinci da magance bakteriyar da ta biyo baya. A ƙasar Sin an amince da allurar rigakafi ta ƙwaya matacciya daga nau'in HB, da kuma na ƙwaya mai rai da aka raunana, irin su WF100 da FX2010-180P, wadda aka samu bayan an yi ta rainon ƙwayar sau 180 a ƙwayoyin halittar ɗan tayin kaza. Garken da aka yi wa allura zai nuna garkuwa a jini, wanda aka yi wa mai rai kuma yana iya nuna kundin gadon ƙwayar na 'yan kwanaki, don haka takardar da ke raka samfuri dole ta faɗi irin allurar da ranar da aka yi ta.

Batun Mutane

A wani bincike da aka wallafa a 2013 an gwada ma'aikatan gonakin agwagi a lardin Shandong, aka sami garkuwar Tembusu a kashi 71.9 cikin 100 na samfuran jini 132, aka kuma sami kundin gadon ƙwayar a kashi 47.7 cikin 100 na audugar da aka goga a bakinsu. An kuma sami garkuwarta a jinin wasu mutane a Tailan. Ba a danganta ƙwayar da wani ciwo a jikin waɗannan mutane ba, kuma ya kamata a karanta alƙaluman jinin da hattara, tunda yankuna ne da ake yi wa jama'a rigakafin kumburin ƙwaƙwalwa na Japan. Duk da haka ƙwayar tana hayayyafa a ƙwayoyin halittar mutum da ake shukawa a kwalba, tana kuma kashe ɓeraye idan aka yi musu allurarta a ƙwaƙwalwa, saboda haka ana umartar mai feɗe gawa da mai ɗaukar samfuri su sanya safar hannu da takunkumi, wanda dama wajibi ne a kansu muddin ba a kawar da zaton murar tsuntsaye ba.